Kafin A Datsa Bidiyo A Ɗora A Status, A Tuna Da Wanda Zai Ga Kashi Ɗaya Kaɗai

Duk wanda ya taɓa ɗaukar dogon bidiyo da wayarsa ya nufi WhatsApp da shi ya san wannan takaicin. Ya zaɓi bidiyon, ya taɓa Status, sai manhajar ta nuna masa wani ɗan yanki ta ce iya nan za ta karɓa. Abin da yawancin matasa ke yi daga nan sananne ne. Su garzaya Play Store su sauke ɗaya daga cikin manhajojin nan masu datsa bidiyo gunduwa-gunduwa, su ba ta bidiyon minti bakwai, ta raba musu shi gida bakwai ko goma sha huɗu, su jera a Status, su ajiye waya suna ganin sun yi wa kamfani wayo.

In bidiyon na biki ne ko na barkwanci, babu wata asara. Amma a ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa, Kunci, Bichi, Tsanyawa da Minjibir, wayar matashi ta wuce abin nishaɗi. A gidaje da yawa, saurayi ɗaya ko budurwa ɗaya ce ke riƙe da babbar waya, kuma ta hannunsu bayanin malamin gona yake shiga gidan, da na mai allurar dabbobi, da karatun malami, da sanarwar mai unguwa. Idan aka datsa irin wannan bidiyo a inda agogo ya ce, ba a inda magana ta ƙare ba, wani zai yi aiki da rabin bayani, ya yi asarar amfanin gonarsa ko lafiyarsa. Iyakar tsawon bidiyo da kamfanoni ke sakawa abu ne da za a iya zama da shi lafiya. Yankan makanta shi ne ya kamata a daina.

Daga ina iyakar ta fito?

Mutane da yawa na ɗauka mugunta ce kawai ko rowa. Kowace iyaka da dalilinta, kuma yawanci dalilin na kamfanin ne, ba na mai kallo ba.

YouTube ta fara aiki a 2005 ba tare da wata tsauraran iyaka ba. A 2006 ta ƙayyade minti 10, saboda ta lura yawancin dogayen bidiyon da ake lodawa shirye-shiryen talabijin ne da fina-finan da aka kwafa ba da izinin masu su ba. A 2010 ta ɗaga zuwa minti 15. Har yanzu sabon asusun da ba a tantance ba minti 15 ne iyakarsa, amma wanda ya tantance da lambar waya yana iya loda bidiyon da ya kai awa 12 ko gigabait 256, duk wanda ya fara cika.

Vine, wadda ta fito a 2013, sakan 6 kacal take bayarwa, kuma a kan haka ta yi suna kafin a rufe ta a 2017. TikTok ta fara da sakan 15, ta koma minti 1, a 2021 ta kai minti 3, a 2022 ta kai minti 10. Reels na Instagram ya fara da sakan 15 a 2020, ya kai sakan 90 a 2022, sannan minti 3 a farkon 2025. Shorts na YouTube ya tashi daga minti 1 zuwa minti 3 a watan Oktoban 2024. A dandalin X, wanda aka fi sani da Twitter, mai asusun kyauta minti 2 da sakan 20 yake samu. Shi kuwa Status na WhatsApp da ya zo a 2017, shekaru ya yi a kan sakan 30 kafin a ɗaga shi zuwa minti 1 a 2024. A watan Maris na 2020, lokacin kullen korona, kamfanin ya rage shi zuwa sakan 15 a Indiya domin a sassauta wa layukan intanet da suka yi cunkoso.

Abu biyu ne za a fahimta daga wannan jeri. Na farko, iyakar ba ta tsaya wuri ɗaya ba, tana hawa tana sauka gwargwadon buƙatar kamfani: kuɗin ajiye bayanai, tsoron ƙarar masu haƙƙin mallaka, gasa da abokin hamayya, da neman wurin cusa talla. Misali, YouTube ba ta barin a saka talla a tsakiyar bidiyo sai ya kai minti 8, shi ya sa ake ganin masu tashoshi suna jan magana har ta kai can. Na biyu, babu ɗaya daga cikin waɗannan alƙaluma da aka yanke domin manomin gero a Kunci. Don haka wanda ya bar wa agogon kamfani ya zaɓar masa inda maganarsa za ta tsaya, ya miƙa wuƙa ga wanda bai san abin da ake yankawa ba.

Iyakar da ta fi ta kamfani ƙarfi

A ce gobe duk kamfanonin nan su cire iyaka baki ɗaya. Matashin da ke zaune a ƙauyen Makoɗa ba zai ga wani sauyi mai yawa ba, domin akwai iyakoki huɗu da suka riga na kamfani tare shi: data, sabis, caji, da wurin ajiya a waya.

Lissafin ba shi da wahala. Nauyin bidiyo ya dogara ne da yawan bayanan da yake ɗauke da su a kowane sakan, ana auna su da megabit, kuma megabit 8 ne ke yin megabait 1. YouTube na ba masu lodawa shawarar megabit 8 a sakan ga bidiyon 1080p, megabit 2.5 ga 480p, da megabit 1 ga 360p. Ke nan bidiyon minti 10 a 1080p zai kai megabait 600, a 480p kusan 188, a 360p kuwa 75. Idan sabis ɗin wurin yana tura megabit 1 a sakan, lodin megabait 600 zai ci minti 80, in ma sabis bai yanke a hanya ba. Na 360p ɗin minti 10 ya ishe shi. Kyamarar wayoyi da yawa ma tana ɗauka da nauyin da ya fi wannan na YouTube, sau da yawa sama da megabait 100 a kowane minti.

Mai lodawa sau ɗaya yake biya. Masu saukewa kowa da nasa. Idan aka tura fayil mai megabait 75 a zauren WhatsApp na ƙungiyar manoma, mutum 100 suka sauke, an kashe gigabait 7.5 daga aljihun mutanen gari ɗaya. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, mutane sun ƙara taka-tsantsan da abin da suke buɗewa. Mai ɗan data na kwana ɗaya ba zai kalli kashi goma sha huɗu ba. Zai buɗe na farko, ya tsallaka na huɗu, in ya ga da'irar nan tana juyawa ba ta buɗe ba ya wuce abinsa. Ga kuma cajin da sai an kai waya shagon mai janareta ko mai sola an biya, ga waya mai ƙaramar ma'adana da kullum take ƙorafin ta cika.

Yadda bidiyo yake yawo a ƙauye

Wanda ya jera kashi goma sha huɗu a Status yana ganin su a jere a wayarsa, sai ya ɗauka haka kowa zai gan su. Ba haka abin yake tafiya ba.

Status awa 24 yake yi ya ɓace. Kafin nan wani ya sa manhajar ajiye Status ya kwashi kashin da ya burge shi, ya tura zauren unguwa. Daga can wani ya ɗora a TikTok ya sa masa kiɗa. Ranar kasuwa ya bi ta Xender ko Bluetooth daga waya zuwa waya, ko ya faɗa kwamfutar mai tura fina-finai, ya shiga memori tare da waƙoƙi da wa'azi, ya isa ƙaramar wayar wani dattijo da bai taɓa buɗe intanet ba. A wannan tafiya babu rubutun ƙasan bidiyo, babu lambar kashi, babu hanyar tambayar wanda ya ɗauka. Abin da ya rage kawai shi ne hoto da muryar da ke cikin gunduwar nan ɗaya.

Akwai kuma abin da ke faruwa a cikin fayil ɗin kansa. Bidiyo ba ya ajiye kowane hoto cikakke. Yana ajiye cikakken hoto lokaci-lokaci, sauran kuwa bambancin da ke tsakaninsu da shi kawai yake riƙewa. Don haka manhajar datsawa tana da zaɓi biyu. Ko ta yanke a kan cikakken hoto mafi kusa, wanda ke sa wasu kalmomi su maimaitu ko su ɓace a mahaɗa, ko kuma ta sake matse bidiyon gaba ɗaya, wanda ke rage masa kyau. WhatsApp ta ƙara matse shi, wanda ya sake ɗorawa a wani dandali a ƙara matsewa. Fuskar mai magana za ta ci gaba da ganuwa, amma ƙananan rubutu su ne farkon mutuwa. Ma'aunin da aka nuna a jikin kwalbar magani, wanda ake karantawa tsaf a wayar mai ɗauka, kafin ya kai hannu na huɗu ya zama dishi-dishi.

Buhun wake da rabin bayani

Karkarar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma, har masana irin su Michael Mortimore sun yi ta nazarinta tun shekarun 1960. Gonaki ƙanana ne, manne da juna, ana noma su kowace damina ba hutu, gero da dawa da wake da gyaɗa a fili ɗaya. A irin wannan wuri buhun wake biyu ko uku da aka ajiye ana jiran farashi ya tashi a Dawanau su ne kuɗin makaranta, su ne na taki, su ne na asibiti.

A ɗauki misalin bidiyon da ke koyar da ajiyar wake a buhun PICS, buhun nan mai ninki uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar, wanda ake ƙerawa a Kano. Ledoji biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Sirrinsa ɗaya ne: a hana iska shiga, ƙwarin da ke ciki su ƙarar da wadda ta rage su mutu, ba tare da an zuba magani ba. Amma kafin hakan ta yiwu sai waken ya bushe sosai, sai an duba kowace leda an tabbatar ba ta da huji, sai an matse iskar da ke sama, an ɗaure leda ta farko ita kaɗai, ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje. Bayan haka a ɗora shi a kan katako nesa da ɓera, kuma kada a riƙa buɗewa.

Malamin gona zai iya bayyana wannan cikin minti biyar ko shida. Manhajar datsawa ta raba shi gida shida. Kashin da ya fi kyan kallo, inda ake zuba wake ana ɗaure baki, shi ne zai yi yawo. Kashin duba huji da na busarwa kuwa ba su da armashi, sai su tsaya a wayar mai ɗauka. Manomin da ya ga wancan kashi kaɗai zai zuba wakensa a leda mai huji, ya ɗaure duka a haɗe, bayan wata uku ya buɗe ya tarar da gari da ƙwari. Ba zai ce bidiyo ne aka datsa ba. Zai ce buhun ƙarya ne, ya gaya wa maƙwabta, ya koma zuba maganin feshi a abinci.

Wannan komawar ba ƙaramin abu ba ne. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos da aka samu a ciki, sinadarin da ke cikin Sniper, wanda aka yi domin feshin ƙwari ba domin zubawa a hatsi ba. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan haka. Yanzu a yi tunanin bidiyon da mai bayani ya fara da nuna yadda wasu ke zuba maganin a wake, da niyyar daga baya ya ce kada a yi, ga illarsa. Idan wuƙar ta faɗa tsakanin nunin da gargaɗin, bidiyon da aka yi domin hani ya zama bidiyon koyarwa. Haka yake ga bayanin feshin tsutsar masara da ta shigo ƙasar nan a 2016, ko na ƙwaron tumatir da manoman rani na Watari da Tomas suka san shi da Sharon. Yawan maganin da za a zuba a tankin feshi yana farkon bayani, kwanakin da za a jira kafin a tsinka a kai kasuwa suna ƙarshe. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Ba a harkar noma kaɗai ba. Malami a wurin karatu yakan kawo maganar da bai yarda da ita ba, ya shimfiɗa ta yadda masu ita suke faɗa, sannan ya warware. Wanda ya samu minti na farko kaɗai zai rantse ya ji malam ya faɗa da bakinsa, kuma bai yi ƙarya ba. Wasu da gangan suke irin wannan yanka domin tayar da husuma. Amma da yawa ba mugun nufi, almajirin malamin ne da kansa ya ba manhaja ta datsa.

Masu cewa gajeren bidiyo ɓata ilimi ne

Akwai masu ganin cewa maganin abin shi ne a ƙaurace wa gajerun bidiyo baki ɗaya. Suna cewa ilimi ba ya shiga cikin sakan 60, kuma dandalin nan suna koya wa matasa gajen haƙuri. Akwai gaskiya a maganarsu. Tafsiri ba ya taƙaituwa zuwa minti ɗaya, haka gyaran injin ban ruwa daga farko zuwa ƙarshe. Kuma ba gaskiya ba ne a ce Bahaushe ba ya kallon dogon abu. Izzar So, da ya fara fita a tashar Bakori TV ta YouTube a 2020, da Labarina na Aminu Saira, kowane kashi dogo ne, amma ana bin su mako-mako a birni da ƙauye.

Sai dai a duba yadda suke isa ƙauyen. Mutum ɗaya ne ke saukewa a inda sabis ke da ƙarfi, saura su karɓa a memori. Kuma kowane kashi marubuci ne ya tsara inda zai fara da inda zai tsaya, ba agogo ba. Wato dogon bidiyo yana da hanyarsa, gajere yana da tasa. Wanda ya ce sam ba zai yi gajere ba ya bar fili ga masu datsa masa magana yadda suka ga dama, domin ko ya yi ko bai yi ba, gajeren ne zai yi yawo.

Darasi mai kyau yana wurin Digital Green, shirin da ya faro a Indiya a 2006. Bidiyonsu na kimanin minti goma ne, manoman yankin ne ke fitowa a ciki da harshensu, kowane bidiyo dabara ɗaya yake koyarwa, kuma ana nuna shi ne ga taron mutane da ƙaramin majigi mai batir, da mai jagora yana tsayarwa ana tambaya. Ba kamfani ne ya tilasta musu wannan tsawon ba, su suka auna abin da mai kallo zai iya riƙewa. Ƙungiyar Access Agriculture ma tana da bidiyon noma da aka juya zuwa Hausa, ana sauke su kyauta.

Abin da ya kamata mai waya ya yi

Mai awo a kasuwa ba ya farke buhu da wuƙa ya ce kowa ya tara. Da mudu yake aunawa, kuma kowane mudu cikakke ne. Haka ya kamata a yi wa bidiyo.

Na farko, a tsara kafin a ɗauka, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A rubuta abubuwan da za a faɗa a takarda, a raba su gida-gida yadda kowane gida zai tsaya da ƙafarsa. Tambayar da za a yi wa kowane kashi ita ce: in wannan kaɗai mutum ya gani ya yi aiki da shi, zai cutu? In amsar e ce, ba a gama tsara shi ba.

Na biyu, gargaɗi ya zo da wuri, kuma ya zo a kowane kashi. In bidiyon na hani ne, a fara da hanin kafin a nuna abin da ake hanawa, sannan a bar rubutu a jikin hoton muddin ana nuna shi. Sakan biyar da za a kashe wajen maimaita gargaɗi ba asara ba ce.

Na uku, duk wani muhimmin bayani ya shiga cikin bidiyon kansa, da baki da kuma manyan haruffa. Lambar kashi, kamar kashi na 2 cikin 4, sunan mai magana, gari, wata da shekara, da ma'aunin magani, duk a faɗe su a ji. CapCut, InShot da KineMaster duk suna saka rubutu a jikin hoto. Murya tana tsira daga matsewa fiye da ƙaramin rubutu, kuma dattijon da bai iya karatun boko ba da kunne yake kama bayani.

Na huɗu, a yanka da hannu. A buɗe manhajar tace bidiyo, a saurara, a datsa a inda mai magana ya ja numfashi bayan ya gama jimla. Kashi ɗaya ya zo sakan 41, wani sakan 58, babu laifi. Ba dole sai sun zo daidai wa daida ba.

Na biyar, a ajiye cikakken a wuri ɗaya da ba ya ɓacewa. Tantance asusun YouTube da lambar waya minti kaɗan yake ɗauka, saƙo ne za a turo da lambobi a shigar, iyakar minti 15 ta tashi. A ƙasan bidiyon a jera lokutan da kowane batu ya fara, a soma da 0:00, aƙalla guda uku, kowane ya kai sakan 10, YouTube za ta raba shi babi-babi, mai ƙarancin data ya tsallaka inda yake buƙata. Gajeren da za a ɗora a Status ko TikTok kuwa ya faɗi sunan tashar da baki, domin mahaɗin da aka manna a ƙasa ba ya bin bidiyo zuwa Xender.

Na shida, a rage nauyi kafin a rage tsawo. Bayanin mutum a tsaye a gona ba ya buƙatar 1080p. A saita kyamara a 720p tun wajen ɗauka, ko a fitar da shi a 480p bayan tacewa. Mai kwamfuta yana da HandBrake kyauta. Mai son koyon aikin sosai ya sauke Termux a wayarsa ya saka FFmpeg, layi ɗaya ya ishe shi:

ffmpeg -i asali.mp4 -vf scale=-2:480 -crf 28 karami.mp4

Wannan zai mayar da tsayin hoton 480, ya matse shi daidai gwargwado. In an ga ya dushe da yawa a mayar da 28 zuwa 24. A riƙa matsewa daga fayil na asali kullum, ba daga wanda aka riga aka matse ba.

Na bakwai, a zaɓi mazubin da ya dace. WhatsApp tana karɓar fayil har gigabait 2 tun 2022 idan aka tura shi a matsayin takarda, kuma ba ta datsa shi ba ta matse shi. Telegram ma haka. In kuma babu abin gani a bayanin, kamar karatu ko sanarwa, a tura murya kawai. Sauti mai kilobit 64 bai kai rabin megabait ba a minti, wato karatun awa guda bai kai megabait 30 ba.

Na takwas, kada a raina mai tura fina-finai. Shi ne babbar tashar ƙauye. Wanda ya yi bidiyo mai amfani ya kai masa cikakken fayil ɗin da suna mai ma'ana, kamar ajiyar-wake-cikakke, ya roƙe shi ya riƙa haɗawa da abin da yake turawa. Fayil ɗaya a kwamfutarsa ranar kasuwa zai iya kai wa ga mutanen da Status ba zai taɓa isa gare su ba.

Nauyin da ke kan hukumomi da masu turawa

Hukumar KNARDA, da ƙungiyoyi irin su Sasakawa, da ɗaliban Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta, duk wanda zai yi bayani a gaban taron manoma a yau ya san akwai wayoyi da ke ɗaukarsa. Gara su fitar da nasu gajerun da suka tsara, kowane da gargaɗinsa a ciki, da a bar masu ɗauka su yanka yadda ta zo. Haka masu kula da shafukan malamai. Masu rubuta manhaja na gida ma akwai aiki a gabansu: manhajar datsawa da ke neman inda murya ta yi shiru kafin ta yanke, ta kuma buga lambar kashi a jikin hoto da kanta, ba abu ne da ya fi ƙarfin matashin da ya iya aikin Android ba. FFmpeg ma tana da hanyar gano wuraren shiru a sauti.

Sai mai turawa, wanda shi ne mafi yawa. Kafin ya danna tura, ya duba ko bidiyon ya fara a tsakiyar magana, ko ya ƙare mai magana bai rufe baki ba. In haka ne, kuma batun ya shafi magani, abinci, addini ko mutuncin wani, ya nemi cikakken tukuna. In bai samu ba ya bar shi a wayarsa.

Kamfanonin za su ci gaba da sauya alƙalumansu, bana minti 1, baɗi minti 3, gwargwadon abin da kasuwarsu ta nuna musu. Manomin da zai buɗe buhunsa a watan Maris bai san da wannan lissafi ba. Abin da ya sani shi ne abin da ɗansa ya nuna masa a waya lokacin kaka, kuma a kansa ya ɗaure wakensa.